Wuƙaƙen Yaƙi a Tarihin Wasu Al'ummu: Ƙirarsu da Matsayinsu

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe yana son ya nuna cewa an danƙa wa mutum cikakken iko a kan wani al'amari, sai ya ce an ba shi wuƙa da nama. Idan kuwa yana yabon wanda ba ya magana biyu, sai ya ce wane kaifi ɗaya ne. Haka nan sarkin da ke da ikon zartar da hukuncin kisa a zamanin da, sarkin yanka ake ce da shi. Waɗannan maganganu suna nuna mana cewa a tunanin Bahaushe wuƙa ta wuce kayan aikin mahauci, domin ta shiga cikin sha'anin mulki da na halin mutum.

Makasudin wannan takarda shi ne a duba wuƙaƙen yaƙi na wasu al'ummu na duniya, a yi ƙoƙarin amsa tambayoyi biyu. Ta farko, me ya sa kowace al'umma ta ƙera tata wuƙar da siffar da ta ƙera ta? Ta biyu, wane matsayi wuƙar ta samu a rayuwar masu ita bayan an bar fagen fama? Za a fi tsayawa a kan guda uku, watau janbiya ta Yaman da keris ta tsibirin Jawa da kukuri ta Nefal, sa'an nan a dawo gida a dubi abin da ke gare mu.

2.0 Mene Ne Wuƙar Yaƙi?

Kowace wuƙa tana da sassa uku: ruwa, watau ƙarfen da ke ɗauke da kaifi da tsini, da ƙota, inda ake riƙewa, da kube, inda ake soka ta. Ta fuskar aiki kuwa, wuƙaƙen yaƙi iri biyu ne. Akwai mai kaifi biyu da tsini, wadda aka yi domin suka. Akwai kuma mai kaifi ɗaya da kaurin baya, wadda aka yi domin sara da yanka. Harsuna da yawa suna da kalma dabam ga kowacce, amma Hausa ta haɗa su duka a ƙarƙashin kalmar wuƙa, ta ware takobi saboda tsawonsa.

A fagen fama wuƙa ita ce makamin ƙarshe. Sai kibiya ta ƙare, mashi ya karye, an yi ƙirji da ƙirji har babu filin zare takobi, sa'an nan ake neman ta. To amma ƙanƙantar nan tata ita ce ta ba ta wata daraja da sauran makamai ba su samu ba. Mayaƙi yakan jingine mashi da garkuwa idan ya dawo gida, wuƙa kuwa tana jikinsa a kasuwa da fada da wurin biki. Da yake ita ce makamin da ake gani a lokacin zaman lafiya, sai ta zama tufa, mutane suka riƙa karanta asalin mutum da arzikinsa a jikinta. Wannan shi ne ginshiƙin abin da za a gani a misalan da ke tafe.

3.0 Misalai Daga Zamanin Da

A shekarar 1922 wani Bature ɗan Ingila mai suna Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar. Da aka kwance likkafanin gawar a 1925, sai aka sami wuƙaƙe biyu a jikinta, ɗaya ruwanta na zinariya, ɗaya na baƙin ƙarfe. Ta biyun ita ta fi ɗaure wa masana kai, domin wannan sarki ya yi zamani fiye da shekara 1300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), lokacin da Misirawa ba su riga sun iya narka tama ba. Wani bincike da masana na Italiya da Masar suka buga a 2016 ya nuna cewa ƙarfen yana ɗauke da sinadarin nikel kimanin kashi 11 cikin 100, wanda alama ce ta ƙarfen da ke faɗowa daga sararin sama. Ke nan a wancan zamani baƙin ƙarfe ya fi zinariya wuyar samu, shi ya sa ya cancanci rakiyar sarki zuwa kabari.

A Roma kuwa sojoji suna rataya wata gajeriyar wuƙa mai faɗi da ake kira fugiyo. Da wuƙaƙe ne 'yan majalisar dattawa suka kashe Yuliyas Kaisar ran 15 ga watan Maris na shekara ta 44 kafin Miladiyya. Bayan shekara biyu Burutus, ɗaya daga cikin jagororin makircin, ya sa aka buga kuɗi da hoton wuƙaƙe biyu, a tsakaninsu da hular da ake sa wa bawa ran da aka 'yanta shi. Manufarsa ita ce ya ce wuƙa ta 'yanta Roma daga mulkin mutum ɗaya, ko da yake abin da ya biyo baya yaƙin basasa ne da kafuwar mulkin sarakuna.

A ƙarni na 14 da na 15 barade a Turai sun koma lulluɓe jikinsu da farantan ƙarfe waɗanda sara ba ya yi musu komai. Maƙera sai suka fito da wuƙa siririya mai ƙarfin tsini, wadda ba a damu da kaifinta ba, domin a cusa ta ta hammata ko ta kafar ido ta kwalkwali bayan an kayar da barde. A nan za a ga cewa kariyar abokin gaba ita ce ta tsara siffar makamin.

4.0 Janbiya ta Yaman

Janbiya wuƙa ce mai lanƙwasa da kaifi biyu, da wata jijiya da ta bi tsakiyar ruwanta don ƙara masa ƙarfi. Sunan ya fito daga kalmar Larabci janb, watau gefe. Ana soka ta a cikin faffaɗar ɗamara mai ado, kuma uba kan ɗaura wa ɗansa ita idan ya kai munzalin balaga, alamar cewa ya shiga sahun maza.

A zamanin mulkin limaman Yaman, wanda juyin juya halin 1962 ya kawo ƙarshensa, yadda mutum ya ɗaura wuƙarsa yakan nuna ajinsa. Mazajen ƙabilu suna ɗaura irin da ake kira asib a tsaye, daidai cibiya. Sharifai da alƙalai kuwa suna ɗaura irin da ake kira suma a karkace ta ɓangaren dama, a cikin kube na azurfa. Har ila yau janbiya tana da aiki a shari'ar gargajiya. Idan rigima ta tashi tsakanin mutum biyu, kowannensu yakan miƙa wuƙarsa ko bindigarsa ga mai sulhu a matsayin jingina, ba kuma zai karɓe ta ba sai ya bi hukuncin da aka yanke. Zare ta a kan mutum cikin fushi abin kunya ne da ke jawo tara. Inda aka yarda a zare ta a fili shi ne wurin rawar maza da ake kira bara'a.

Darajar janbiya ba a ruwanta take ba, a ƙotarta take, kuma ƙotar da ta fi kowace tsada ita ce ta ƙahon karkanda. Dalili kuwa shi ne wannan ƙaho yana ƙara kyau da sheƙi gwargwadon daɗewarsa a hannu, don haka akan gaje shi kaka da kakanni. A da sai manyan masu hali ke iya sayensa. Amma a shekarun 1970, da arzikin man fetur ya bunƙasa a Saudiyya, dubban 'yan Yaman suka tafi ci-rani can suka dawo da kuɗi, sai talaka ma ya nemi irin ƙotar da yake gani a ɗamarar shugabansa. Yaman ba ta da karkanda ko ɗaya, don haka sai mafarauta suka far wa dazuzzukan Afirka ta Gabas da ta Tsakiya. Wannan buƙata, haɗe da ta masu maganin gargajiya a gabashin Asiya, ta sa yawan baƙin karkanda ya faɗo daga kimanin 65,000 a 1970 zuwa ƙasa da 2,500 a tsakiyar shekarun 1990. Gwamnatin Yaman ta Arewa ta hana shigo da ƙahon a 1982, aka kuma ƙarfafa wa maƙeran kasuwar San'a gwiwa su koma ga ƙahon ɓauna da dutsen aƙiƙ da roba. Duk da haka irin baƙin karkandan da ya yi saura a arewacin Kamaru bai tsira daga masu farautar ƙaho ba, a 2011 aka tabbatar da ƙarewarsa daga doron ƙasa. Wannan darasi ne babba: wuƙar da ba a cika zare ta daga kube ba ta yi ɓarnar da ba ta yi ba lokacin da ake yaƙi da ita.

Maƙwabciyar Yaman, watau Oman, ita ma tana da irin wannan wuƙa da ake kira hanjar. Hotonta a kan takubba biyu shi ne tambarin ƙasar, yana kuma kan tutarta.

5.0 Keris ta Jawa

Keris makamin suka ne na mutanen Indunusiya da Malesiya da maƙwabtansu, amma a fadojin tsibirin Jawa ne ƙirarsa ta kai matuƙa. Gindin ruwan yana buɗewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan, ƙotar kuma a lanƙwashe take yadda tsinin zai bi saitin hannu. Wani ruwan miƙaƙƙe ne, wani kuwa yana tafiya kamar maciji. Lanƙwasar nan ana ce mata luk, kuma adadinta mara ne kullum, kamar 3 ko 7 ko 13.

Abin da ya fi bambanta keris da sauran wuƙaƙe shi ne zanen da ke jikin ƙarfen, wanda ake kira famor. Ba da alƙalami ake yin sa ba. Maƙeri yana haɗa baƙin ƙarfe da wani mai nikel, ya gasa su, ya buge, ya ninka, ya sake bugewa, har su zama ɗaruruwan shimfiɗu a cikin ƙarfe guda. Bayan an gama ƙira sai a wanke ruwan da lemon tsami haɗe da gubar arsanik. Baƙin ƙarfen sai ya ƙara baƙi, mai nikel ɗin ya fito fari, zanen ya bayyana. Kowane zane da sunansa da abin da ake fata daga gare shi. Akwai wanda ake kira wos wutah, watau shinkafar da ta zube, da udan mas, watau ruwan saman zinariya, waɗanda ake dangantawa da yalwar arziki. A ƙarni na 18 wani dutse ya faɗo daga sama kusa da Farambanan, aka kai shi fadar Surakarta, maƙeran sarki suka riƙa gutsurarsa suna sawa a cikin keris na 'yan sarauta.

Maƙerin keris ana ce masa emfu, kuma matsayinsa ya yi kama da na maƙeranmu ta wajen imanin da jama'a suka yi cewa yana da asiri. Yakan yi azumi da addu'o'i, ya zaɓi ranar fara aiki, ya kuma duba halin wanda zai ƙera wa. Saboda haka mutanen Jawa suka ɗauki keris tamkar mai rai. Ana raɗa wa manyansu suna tare da laƙabin girmamawa na Kiyai, ana yi musu wanka sau ɗaya a shekara a watan Suro, watau Muharram. A lokacin zaman lafiya a baya ake soka keris, domin a nuna ba da faɗa aka zo ba. A al'adar da ma, idan wani uzuri ya hana ango halartar bikinsa, keris ɗinsa na iya wakiltarsa.

Tarihin Jawa cike yake da labaran wannan makami. Littafin Fararaton ya kawo labarin Ken Arok, wanda ya kafa daular Singasari a 1222. An ce ya ba wani maƙeri mai suna Gandirin aikin keris, da ya ga aikin ya ƙi ƙarewa sai ya fusata ya soke maƙerin da ita. Kafin ransa ya fita maƙerin ya yi baki cewa wuƙar za ta ci mutum bakwai har da shi Ken Arok, labarin kuma ya nuna da ita aka kashe shi. Wannan ya fi kusa da almara. Abin da yake tarihi tabbatacce shi ne na Yarima Difonegoro, wanda ya yaƙi Turawan Holan daga 1825 zuwa 1830, har suka kama shi a wurin da suka kira shi don sulhu. Wata keris da ake dangantawa da shi ta daɗe a gidan tarihi a Holan, sai a watan Maris na 2020 aka mayar da ita Indunusiya, ko da yake wasu masana sun yi jayayya a kan ko ita ce ainihin tasa. Hukumar UNESCO ta sanya keris cikin manyan kayan gadon ɗan Adam tun 2005.

6.0 Kukuri da Maƙwabtanta

Kukuri ta sha bamban da biyun da suka gabata, domin ita wuƙar aiki ce kafin ta zama ta yaƙi. Tsawonta kimanin inci 16 zuwa 18 ne, kaifinta ɗaya, kuma ruwanta ya ranƙwafa gaba, ya yi faɗi wajen baki. Wannan ƙira ta tara nauyin a gaba, don haka saranta kamar na gatari ne. Manomin duwatsun Nefal da ita yake saran itace da yankan dabba da gyaran shinge. A jikin kubenta akwai 'yan ƙananan ƙarafa biyu, karda don ƙananan yanke-yanke, da cakmak don gyara kaifi da ƙyasta wuta. Masu ƙera ta 'yan wani jinsi ne da ake kira Kami, waɗanda tsarin zaman Hindu ya ajiye a ƙasa ƙwarai, duk da cewa abin da suke ƙerawa shi ne abin alfaharin ƙasar. Da yawansu da sifirin ɗin tsofaffin motoci suke aiki, kamar dai maƙeranmu.

Duniya ta san kukuri ne ta hanyar sojojin Gurka. Sarkin Gorka, Firitbi Narayan Shah, ya ci Katmandu a 1768 ya haɗa kan Nefal. Daga 1814 zuwa 1816 magadansa suka gwabza da Kamfanin Gabashin Indiya na Ingilishi. Turawa sun yi nasara, amma jaruntar da suka gani ta sa tun 1815 suka fara ɗaukar 'yan Gurka aikin soja. Akwai maganar da ta yaɗu cewa ba a mayar da kukuri kube sai ta sha jini. Wannan ba ta da tushe, domin wuƙar da ake fere dankali da ita kullum ba za ta bi irin wannan doka ba. Kakanninmu ma sun ga kukuri da idonsu: a yaƙin Bama, a 1944, bataliya uku ta sojojin Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne, sun yi yaƙi a bayan layin Jafanawa cikin runduna ɗaya da 'yan Gurka, su da addunansu, waɗancan da kukurinsu.

A Indiya akwai katar, wadda ƙotarta a gicciye take, mai ita ya dunƙule hannu a kanta ya yi suka kamar mai naushi. Akwai kuma kirfan ta mabiya addinin Sik, ɗaya daga cikin abubuwa biyar da shugabansu Guru Gobind Singh ya wajabta musu a 1699. Sashe na 25 na tsarin mulkin Indiya ya ambace ta da suna, ya ɗauki rataya ta a matsayin ɓangare na addininsu.

7.0 Sahara da Ƙasar Hausa

Buzaye suna da wuƙa miƙaƙƙiya mai kaifi biyu da suke kira telek. Ƙotarta tana da siffar gicciye, kuma a bakin kubenta akwai zobe na fata ko na ƙarfe da ake zura hannun hagu a ciki. Wuƙar sai ta kwanta a jikin hannu, ƙotar tana wajen tafi, hannun riga ya rufe ta. Hikimar wannan a fili take ga mai tafiya a kan raƙumi, domin ba ya buƙatar lalube a ƙugu, hannun dama kawai zai kai. Tubawa su ma suna ɗaura tasu a damtsen hagu, kuma irin wannan ɗauri sananne ne a Barno da ƙasar Hausa. Hanyar ayari ce ta haɗa mu da su, shi ya sa kalmarmu ta takobi da tasu ta takoba suke kama da juna. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin ruwan takubba da ake kawowa daga garin Solingen na ƙasarsu, a yi musu ƙota da kube a Kano, sa'an nan a sayar wa Buzaye da sauran al'ummu.

A tarihin sarautunmu ma wuƙa tana da gurbi. Labarin Bayajidda ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu da ita a Daura. A Katsina kuwa Gajere, gajeren takobin da ake dangantawa da Korau, yana cikin kayan sarauta. Masanin nan A. D. H. Bivar ya yi bayanin irin waɗannan makamai na fadojin Arewa a littafinsa Nigerian Panoply na 1964.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da abubuwa biyu. Na farko, siffar wuƙa amsa ce ga wata buƙata: farantan ƙarfe sun haifi siririn tsini a Turai, saran itace ya ranƙwafar da kukuri, hawan raƙumi ya kai telek hannu. Na biyu, idan bindiga ta karɓe aikin wuƙa a fagen fama, wuƙar ba ta mutuwa, sai ta koma jingina a wurin sulhu, ko kayan gado, ko shaidar addini. A wannan mataki ne darajarta kan haura, har ta kai ga ɓarna irin wadda ta sami karkanda.

Akwai kuma aiki a gabanmu mu ɗaliban Hausa. Mutanen Jawa sun rubuta sunayen zanen keris da siffofinta dalla-dalla, shi ya sa ilmin bai ɓace ba ko da maƙeran suka ragu. Mu kuwa an daɗe da daina narka tama a ƙasarmu, kuma dattawan maƙera da dukawan da suka san sunan kowane irin ruwa da kowane ɗinkin kube suna ta ƙarewa. Kalmomi irin su gariyo da barandami da kansakali, yaro a yau yakan ji su ne a bakin maroƙi ko a labarin 'yan daba, ba tare da ya iya bambanta wannan da wancan ba. Ya kamata masu neman batun kundin digiri su je maƙera da fadoji da gidajen sarakunan farauta, su auna waɗannan makamai, su ɗauki hotonsu, su rubuta sunayensu da na sassansu daga bakin masu su tun suna raye.